Lambar da ta cinye min lambobin wayar iyayen yara: 2,147,483,647

Wannan abin ya faru dani ne gab da azumin da ya wuce, kuma har yanzu in na tuna sai inji kunya ta kama ni, amma tunda ta dalilinsa na haɗu da wata lamba da na kasa fita daga harkarta, bari dai in bada labarin yadda yake.

Kawuna yana da 'yar Islamiyya a unguwarmu, wata rana bayan la'asar ya kira ni yace "Kai da kullum kake danne-danne a kwamfuta, ka haɗa mana wani abu mana da zamu riƙa ajiye sunayen yara da lambobin wayar iyayensu, rajistar nan duk ta yage." Nace to Kawu an gama. Na zauna dare biyu na haɗa abin da PHP, yaren rubuta manhaja, da MySQL, rumbun ajiye bayanai, ina ta jin kaina, da nazo wajen da za a saka lambar waya sai nace ai lamba lamba ce, na zaɓi INT, wato nau'in wajen ajiye adadi, na wuce abina. Ƙanwata da wani malamin aji suka ɗau kwana uku suna shigar da sunaye. Ranar da za a tura wa iyaye saƙon taro na buɗe, wallahi sai da gabana ya faɗi, kowane uba lambarsa 2147483647. Tela 2147483647, mai shayi 2147483647, Hajiyar da take kawo jikokinta ita ma 2147483647. Mutum ɗaya tak ya tsira, wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ya bada lambarsa ta Nijar. Kawu ya leƙo ta bayana ya daɗe yana kallo sannan yace "Ikon Allah, wane mai rabon ne wannan ya haifi yaran makarantar nan gaba ɗaya?"

Laifina ne ba na kowa ba. INT ɗin nan ɗaki ne mai gurbi 32, kowane gurbi sifili ko ɗaya kawai yake ɗauka, gurbi guda an ware shi don nuna ko lambar ta sama da sifili ce ko ta ƙasa, saura 31 kenan. In ka cika duka 31 ɗin da ɗaya ɗaya ɗaya har ƙarshe, abin da zaka samu shine 2,147,483,647, daga nan kuma ba gaba. To lambobinmu na Najeriya guda 11 ne, kwamfuta ta yar da sifilin farko tunda a lissafi bashi da aiki, saura 10 masu farawa da 7 ko 8 ko 9, wato biliyan bakwai zuwa tara da wani abu, ɗakin kuma biliyan biyu da ɗoriya yake ɗauka. A yadda saitin nawa yake bai ƙi karɓa ba, bai yi min ihu ba, kawai duk wadda ta fi ƙarfinsa sai ya datse ta ya ajiye iyakar abin da zai iya. Ta Nijar guda 8 ce shi yasa ta shige lafiya lau.

Da na gano haka sai haushin ya koma son sani. Na rubuta ta a takarda na karanta da Hausa, biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai, numfashi ma sai ya ɗauke maka kafin ka kai ƙarshe. A ido kamar an watsa lambobi ne barkatai, amma asalinta mai sauƙi ne ƙwarai, ka ninka 2 da kanta sau 31, ka cire ɗaya. Shikenan. Kuma duk wani hali nata da zan faɗa a ƙasa daga wannan cire ɗayan ya fito.

Ga yadda na yi wa Kawu bayani har ya yarda ba aljanu bane. Nace Kawu a ce ranar 1 ga Janairu na baka naira ɗaya, ranar 2 na baka naira biyu, ranar 3 naira huɗu, kullum ina ninka ta jiya, har 31 ga wata, nawa ka tara? Yace ba zai wuce kuɗin buhun shinkafa ba. Nace ranar 10 ga wata duk abin da ka tara 1,023 ne, ranar 20 ya kai 1,048,575, ranar 31 kuwa naira 2,147,483,647 cif, ko kwabo babu a kai. Yayi shiru, can yace to a fara daga watan gobe. Ka lura da abin, ko wace rana ka tsaya jimillar tana zama saura ɗaya ta cika ninkin gaba, 1, 3, 7, 15, 31, 63, 127, haka dai. Irin waɗannan lambobin ana kiransu da sunan Marin Mersenne, wani limamin kirista ɗan Faransa da ya fitar da jerinsu a 1644.

Yanzu babban halinta. Lambar nan bata rabuwa. Abin da a makaranta muke cewa firaim namba, ni na fi so in ce mata gagara-rabo, wato in kuɗi ne ka tara mutane kace a raba daidai ba tare da canji ya rage ba, to sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka ko kuma a samo mutum 2,147,483,647 kowa ya ɗau naira ɗaya, babu hanya ta uku. Na gwada da hannu don in ji a jikina. Wutiri ce, tana ƙarewa da 7, to 2 da 5 sun fita. In ka tara lambobinta 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7 zaka samu 46, 3 bata shiga 46, 9 ma haka, saura ɗaya ake samu. Na raba da 7, saura ɗaya. Na raba da 11, saura ɗaya. Da 31, nan ma saura ɗaya. Sai abin ya fara bani dariya, kamar mai shagon da kullum zai ce maka ka biyo ni naira ɗaya.

Dalilin saura ɗayan nan yana wajen maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646, wadda ita kam kowa nata ne. Ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, na buga a kalkuleta ya fito daidai, kuma lambobi 192 ne suke raba ta ba saura. Maƙwabciyar sama kuma, 2,147,483,648, ba komai a cikinta sai 2 zalla, zaka yi ta raba ta biyu sau 31 har ka dawo kan ɗaya, masu raba ta 32 ne. To ka ga gida uku a jere, na hagu ƙofa a buɗe ana ta shige da fice, na dama dangi ɗaya ne suka cika shi, na tsakiya kuwa an garƙame ba mai shiga. A jerin gagara-rabo in ka fara ƙirga daga 2, 3, 5, 7, ita ce ta 105,097,565.

Kar wani yace ai duk lambar da aka samu ta wannan hanyar gagara-rabo ce, a'a. 15 tana rabuwa, 63 tana rabuwa. Sai in adadin ninkin shi kansa gagara-rabo ne sannan ake sa rai, kuma ko a hakan ba tabbas, misali a ninka 2 da kanta sau 11 a cire ɗaya 2,047 ne, kuma 23 × 89 kenan. Waɗanda suka tsallake daga farko sune na 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, sai 31, wato tamu ita ce ta takwas. Na 23 da na 29 duk sun faɗi. Pietro Cataldi ɗan Italiya ya tabbatar da na 17 da na 19 tun 1588, wato 131,071 da 524,287, daga nan sai aka yi tsalle mai nisa daga rabin miliyan zuwa biliyan biyu. Shi Mersenne ya saka 31 a jerinsa na waɗanda yace gagara-rabo ne kuma ya dace, amma ya saka 67 da 257 waɗanda ba haka suke ba, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Na 67 ɗin, Frank Nelson Cole ne a 1903 ya nuna cewa 193,707,721 × 761,838,257,287 ne, ya hau allo a taron masana a New York ya buga lissafin da alli.

Wanda ya tabbatar da tamu shine Leonhard Euler, a 1772, kuma nan ne labarin ya fi kama ni. Mutumin nan haifaffen Basel ne a Suwizalan, 1707, a lokacin yana zaune a St. Petersburg ta Rasha, shekararsa 65, idonsa na dama ya daɗe da mutuwa, na hagun ma ya tafi kusan gaba ɗaya, ga gobara ta cinye gidansa a shekarar da ta gabata. Ba kwamfuta, ba kalkuleta, ba ma idon da zai kalli takardar sosai. To yaya akayi?

Da farko ba sai ka gwada duk lambobin da ke ƙasa da biliyan biyu ba. In lamba tana rabuwa, dole ɗaya daga cikin masu raba ta ya zama ƙarami, bai wuce lambar da in ka ninka ta da kanta zata baka ita ba. A nan 46,340 × 46,340 bai kai ba, 46,341 × 46,341 ya wuce, to iyakar bincike 46,340. Amma gagara-rabo da ke ƙasa da wannan sun haura dubu huɗu, aiki ne ja. Sai dabara ta biyu wadda ta samo asali daga Fermat, wani masanin lissafi ɗan Faransa, duk gagara-rabon da zai raba irin wannan lambar dole ya zama ninkin 62 da ɗaya a kai, 62 ɗin kuwa 31 ne sau biyu. Duba misalin 2,047 ɗin can, 11 sau biyu 22, sai ga 23 wato 22 da ɗaya, ga 89 wato 88 da ɗaya, ka ga abin yana aiki. Euler ya ƙara tace su da wata ƙa'idar, cewa in ka raba mai rabon da 8 dole saura ya zama 1 ko 7. Da aka haɗa biyun sai ya zama 'yan takarar kawai masu siffar ninkin 248 da 1 a kai, ko ninkin 248 da 63 a kai, waɗanda basu kai 400 ba gaba ɗaya, kuma cikinsu ma da yawa ba gagara-rabo bane sai a watsar. Daga biliyan biyu zuwa abin da mutum zai zauna ya gama da haƙuri. Ni wannan ne lissafi a wajena, ba saurin buga lambobi ba, sanin wanda ba sai ka gwada ba. Ta daɗe shekaru masu yawa tana riƙe da kambun gagara-rabo mafi girma da aka sani.

Yau kam da wayarka zaka tabbatar. Akwai gwajin wasu masana lissafi biyu, Lucas da Lehmer, ka fara da 4, ka ninka ta da kanta ka cire 2, ka raba da lambar da kake gwadawa ka riƙe saura, ka sake. Gwada da 31, wadda ita ma 2 ce a ninka ta da kanta sau 5 a cire ɗaya. 4 ta zama 14, 14 × 14 a cire 2 ya zama 194, a raba da 31 saura 8, 8 × 8 a cire 2 ya zama 62, a raba da 31 saura sifili, to ta ci jarabawa. Ita babbar zagaye 29 kacal take buƙata, na rubuta layi biyar a yaren kwamfuta na Python kafin in ɗauke yatsa ya fito da sifili. Naji daɗi kuma naji wani iri, tunawa da tsohon can, Euler.

Tunda 31 ɗin kanta 'yar gidan Mersenne ce, sai tamu ta shiga wani aji na 'yan gata, Mersenne a kan Mersenne. Guda huɗu kawai aka sani a duniya masu wannan hali kuma gagara-rabo, 7, da 127, da tamu, sai wata mai lambobi 39 wadda Édouard Lucas ya tabbatar a 1876, wato a ninka 2 da kanta sau 127 a cire ɗaya. In kace bari in ƙara hawa, in ninka 2 da kanta sau 2,147,483,647 in cire ɗaya, to wannan an riga an samo masu raba ta, zuri'ar ta tsaya a nan.

Akwai wani rabon aji da na fi so saboda sunayensa na Larabci sun zauna a bakinmu, tammi da za'idi da naƙisi. Ka tara duk masu raba lamba banda ita kanta, in jimillar ta yi daidai da ita to tammi ce, cikakkiya, kamar 6 da take 1+2+3, ko 28 da take 1+2+4+7+14. In ta wuce za'ida ce, in ta gaza naƙisa. Gidajen nan uku kowa da ajinsa. Ta hagu za'ida ce sosai, abin da zaka tara ya kusa ninka ta biyu. Tamu naƙisa ce ta ƙarshen naƙasa, ɗaya kawai zaka tara. Ta dama kuwa naƙisa ce da naira ɗaya tak, domin in ka tara 1+2+4+8 har zuwa rabinta, me zaka samu? Kuɗin Kawu na watan Janairu, 2,147,483,647. Da na ga wannan sai da na tashi na zagaya ɗaki.

Kuma duk da naƙasarta ita ke haifar da cikakkiya. Tun zamanin Euclid, masanin lissafin Girkawan da, aka san cewa in ka samu gagara-rabo irin wannan ka ninka ta da rabin maƙwabciyarta ta sama, cikakkiya zata fito, 3 × 2 ya bada 6, 7 × 4 ya bada 28, 31 × 16 ya bada 496, 127 × 64 ya bada 8,128. Euler ɗin dai shine ya nuna cewa duk wata cikakkiya da take shafa'i ta wannan hanyar kaɗai take zuwa. Tamu in ka ninka ta da 1,073,741,824 zaka samu 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiya ta takwas. A 1811 wani Bature ɗan Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa cikakkiyar nan ita ce mafi girma da za a taɓa ganowa, wai tunda abin sha'awa ne kawai mara amfani ba wanda zai wahalar da kansa ya nemi ta gaba. Allah sarki. A Oktoban 2024 wani mai suna Luke Durant, cikin shirin GIMPS na masu sa kai wajen farautar irin waɗannan lambobin da aka fara tun 1996, ya gano gagara-rabo ta 52 a gidan Mersenne, a ninka 2 da kanta sau 136,279,841 a cire ɗaya, lambobinta 41,024,320. Ita kuma tamu da aka ce bata da amfani, wasu masana kwamfuta, Park da Miller, sun ɗora shahararriyar hanyarsu ta sa kwamfuta ta fitar da lambobin ƙuri'a a kanta a 1988, ana ninkawa da 16,807 ana rabawa da ita, kuma rashin rabuwar tata ne yasa lambobin suke zagaye gaba ɗaya kafin su maimaita kansu.

Wani ɗan ƙaramin taurin kai nata kuma, wasu lambobin ana rubuta su da murabba'i biyu, wato lambar da aka ninka da kanta, kamar 13 da take 4+9. Ita in ka raba da 4 saura 3, to biyu ba zasu yi ba, in ka raba da 8 saura 7, to uku ma ba zasu yi ba, sai an kawo huɗu, wanda shine iyaka tunda wani masanin lissafi Lagrange ya nuna a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai shine ba ni kaɗai bangon nan ya taɓa bugawa ba. A Disambar 2014 YouTube sun sanar cewa masu kallon bidiyon waƙar Gangnam Style sun sa sun faɗaɗa ma'aunin ƙirgensu daga gurbi 32 zuwa 64, sabuwar iyakar 9,223,372,036,854,775,807, wadda ita kam ba gagara-rabo bace, 7 ma tana raba ta. A 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke kula da janaretocin Boeing 787 zasu iya ɗaukewa in an bar su a kunne kwana 248 ba kashewa, kuma in ka ƙirga kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa sau 2,147,483,647 kwana 248 da rabi zaka samu. Wannan 248 ɗin ba ruwanta da ta Euler, dacewa ce kawai, amma sai da ta sa na sake duba lissafina sau biyu.

Babbar kuwa tana gaba. Kwamfutoci da yawa suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma daƙiƙa 2,147,483,647 shekara 68 ce da 'yan kwanaki. Zata cika ranar Talata 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 agogon GMT, wato 4:14 na dare a Kano da Yamai, cikin sanyin hunturu tun ladan bai tashi ba. Duk tsohuwar na'urar da aka bari da gurbi 32 daƙiƙa ɗaya bayan nan zata juye ta ɗauka ana 13 ga Disambar 1901 ne. Wayoyi da kwamfutocin yanzu yawanci sun koma 64, matsalar tana wajen ƙananan na'urorin da aka dasa a cikin injuna aka manta da su.

Lambobin iyayen yara dai basu dawo ba, wanda aka datse ya tafi kenan. Na canza wajen zuwa VARCHAR, nau'in ajiye rubutu, tunda lambar waya suna ce ba adadi ba, ba wanda zai taɓa tara ta Tela da ta mai shayi, kuma a haka sifilin farko ma yana zama. Rajistar takardar da aka raina ita ta cece mu, Allah yasa Kawu bai bari an jefar ba. Ƙanwata tace wallahi ba zata sake shigar da ko ɗaya ba, ni na zauna na buga su da kaina har dare huɗu, shafuka uku da ruwa ya taɓa kuma sai da aka aiki yara gida kowa ya rubuto ta babansa a bayan littafi.